Ƙarfe na Wucewa, Gaya na Kallo

Tun daga taron duniya na birnin Riyo a 1992, da kafa majalisar CNEDD a Yamai a 1996, wata magana ta shiga bakin ma'aikatan Nijar ta zauna daram, wadda Faransawa ke kira développement durable, masu fassara kuma suka raɗa mata suna "ci gaba mai ɗorewa". A Gaya ma ta sha yawo. An rubuta ta a alluna a bakin godoro, an rera ta a bikin dashen itace na 3 ga Agusta, an maimaita ta a tarurrukan ƙara wa juna sani har masu zuwa don kuɗin zama suka haddace ta. In aka tambayi ɗan makaranta me take nufi, zai ce dashen itace, da murhu mai tsimin makamashi, da hana ƙunar daji. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ke nan. Abin takaicin shi ne, a garin da ya yi shekara hamsin yana kwana yana tashi da rugugin manyan motoci maƙare da ƙarfe, da wuya a ji an ambaci ƙarfe a cikin wannan darasi, kamar dai ana iya noma, ko ban ruwa, ko haye kogi, ko kunna fitila ba tare da shi ba.

Ya kamata a fara da lissafin abin da ya ratsa garin. Daga 1971, lokacin da kamfanin SOMAIR ya soma haƙar yuraniyom a Arlit, sannan COMINAK ya bi sahu a 1978, hanyar da wannan ƙarfe ya bi zuwa teku ita ce ta Tawa, Doso, Gaya, a haye gadar Malanbil, a nufi Faraku da Kwatano, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Faransa. A wasu shekarun abin da ƙasar ta fitar ya haura tan 4,000. Gangunan sun wuce a rufe ruf, da rakiyar masu kayan sarki, yaran unguwa suna ɗaga musu hannu. Can inda suka sauka suna ba da wutar lantarki wadda ake yabo da cewa ba ta gurɓata iska. Nan inda suka ratsa kuwa, wutar da ke haskaka gari daga Najeriya ake jawo ta, kuma da Najeriya ta yanke layinta a Agustan 2023 kowa ya ga iyakar abin. An rufe COMINAK a 2021, gwamnati ta karɓe SOMAIR a 2025. Rabin ƙarni na zirga-zirga ya bar wa Gaya ofishin duwan, da masaukan direbobi, da masu faci, da ramuka a hanya.

Bayan wannan sai bututun man fetur, wanda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, tsawon kusan kilomita 2,000, aka soma aikinsa a 2019, jirgi na farko ya yi lodi a Mayun 2024. Ta yankin Gaya ya ƙetare kogin Kwara. Shi ma ƙarfe ne, dubban tan, an ƙero shi a waje, an binne shi a ƙasa, ba mai ganin sa balle ya koyi wani abu daga gare shi.

Amma babban darasi yana ga layin dogo, kuma a nan ya dace a tsaya a yi dogon numfashi. Turawan mulkin mallaka sun ja dogo daga Kwatano suka kai shi Faraku a 1936, kilomita 438, suka tsaya. A 1959 aka kafa hukumar OCBN ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu, da fatan wata rana jirgi zai iso Malanbil, ya haye zuwa Gaya, ya wuce Doso da Yamai. Kakanni sun ji wannan alƙawari, iyaye sun ji shi, ƴaƴa sun gaje shi kamar gona. A Afrilun 2014 kamfanin Bolloré ya kama aiki daga Yamai, ya shimfiɗa wajen kilomita 140 zuwa Doso, kuma ranar 29 ga Janairun 2016, saura makonni kaɗan a yi zaɓe, shugaba Issoufou Mahamadou ya ƙaddamar da layin cikin kiɗa da guɗa. Tun kafin wannan rana shari'a ta riga ta sarƙe aikin a ɓangaren Benin, inda kamfanin Petrolin na Samuel Dossou ya ce shi ke da haƙƙin ginin. Kotu ta ba shi gaskiya a 2015, kotun ƙoli ta tabbatar a 2017. Ga kuma ƙorafin masana cewa an yi dogon da ƙaramin faɗi na mita guda irin na zamanin Turawa. A 2018 shugaba Patrice Talon ya nemi kamfanonin biyu su janye a ba ƙasar Sin. Dogon bai zarce Doso ba. Shekaru suka shuɗe, bai ɗauki buhun albasa ko ɗaya zuwa kasuwa ba, rairayi ya rufe wani wuri, ruwa ya zaizaye wani.

Malamin lissafi na iya ba ɗaliban aji uku na kwaleji wannan aiki. Layi yana da sanda biyu, wato kilomita 280 na ƙarfe. Ko da an ƙaddara kowace mita kilo 40 ce kawai, an haura tan 11,000. Sai a tambaye su: garma nawa, amalanke nawa, ƙofar aji nawa ke cikin wannan nauyi? Ba ana nufin a raina jirgin ƙasa ba, domin babu abin da zai rage wa hanyar Gaya zuwa Doso wahala, ya rage hayaƙi da haɗari, kamar jirgi mai tafiya. Ana nufin yara su gane da wuri cewa nauyin ƙarfen da aka sauke a ƙasa ba shi ne ma'aunin ci gaba ba. Ma'aunin shi ne shekarun da ƙarfen zai yi yana aiki, da kuma ko akwai hannu a wurin wanda zai gyara shi in ya lalace. In aka ɗora dogon Doso a wannan sikeli, fartanyar tsohuwa a Tanda ta fi shi nauyi, don ita kowace damina tana fita gona, in bakinta ya cinye a kai ta maƙera, in ta ƙare ƙurmus a mayar da ita ƙusa ko wuƙar yankan kuɓewa.

Ga inda gardamar take. Mutum guda a duk faɗin yankin wanda ya daɗe yana aikata abin da ake wa'azinsa a ɗakunan taro, ba tare da ya taɓa jin sunansa da Faransanci ba, shi ne maƙeri. Shi ne kuma ba a gayyata.

Ƙasar nan ba baƙuwar ƙarfe ba ce. A duwatsun Termit, gabashin Nijar, an samu alamun narkar tama waɗanda wasu masu bincike suka kai shekarunsu wajen 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake wasu na jayayya da wannan ƙidaya. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takadda a 1353, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe da ake ciniki da su kamar kuɗi, ana kai su har Gobir da Barno. A Adar, Nicole Echard ta ɗauki fim ɗin Noces de feu, inda tsofaffin maƙera Hausawa suka sake tayar da murhun narkar tama a gaban idonta. Kusa da gida kuwa, tsallaken kogi a ƙasar Dandi ta Benin, masu tonon tarihi ƙarƙashin jagorancin Anne Haour sun yi aiki daga 2011 zuwa 2015 a Birnin Lafiya da kewaye, kuma Caroline Robion-Brunner ta bi wuraren narkar tama irin na Kompa, inda kashin tama ya taru tsibi-tsibi. Dandi ɗaya ce, iyakar da ta raba ta jiya-jiya aka ja ta. Ɗalibin lise na Gaya zai iya faɗin sunan kwarin Ruhr da yankin Loren, amma a tambaye shi Kompa, wadda kwale-kwale zai iya kai shi, sai ya yi zuru.

Kada a ɗauka ana kukan a koma jiya ne. Narkar tama ta gargajiya ta ci daji ƙwarai, domin kowace ƙona tana lashe gawayi mai yawa, gawayin kuma na itace mai tauri ne irin ƙirya. Da a ce yau za a tayar da waɗannan murahu don wadata mutanen jihar Doso da kayan noma, da dajin Goru Basunga bai kai baɗi ba. Maƙeran da kansu suka bar tama lokacin da ƙarfen Turawa ya yawaita, don sun ga ya fi sauƙi. Abin lura shi ne yadda suka juya. Sifirin ɗin mota ya zama gatari da adda, sandar ƙafafun mota ta zama gindin amalanke, duro ya zama ƙyaure da murhu da kaskon suya, rodin da ya rage a wurin gini ya zama dagi. Maƙeran fari suka narka tsohon alminiyom suka zuba tukwane da ludaya, kamar yadda ake gani a kasuwar Katako ta Yamai. Ƴaƴansu suka ɗauki walda. Wannan sauyi ba furoje ne ya kawo shi ba, ba a ba kowa kuɗin zama ba.

Yanzu duniya ta zagayo ta iso inda suke tsaye. Ana ƙera ƙarfe wajen tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabi a ƙasar Sin, kuma wannan sana'a kaɗai tana fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Saboda haka manyan masana'antu suka koma farautar tsohon ƙarfe, tun da narka shi bai cin rabin makamashin da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga tama; alminiyom ma kashi 5 cikin ɗari kacal yake buƙata. Abin da ake kira shara ya zama dukiyar da ake rububi. To ina tsohon ƙarfen Sahel yake zuwa? Shekara da shekaru ƴan gwangwan suna bin gida-gida da sikeli, suna saye da kilo, ana tarawa, ana lodawa, a gangara da shi bakin teku ko manyan masana'antun narka na kudu. Bayan ɗan lokaci ya dawo da sabon suna, rodi ko kwano ko ƙusa, da farashin da ya ninka. Maƙerin da a da yake samun sifirin kusan kyauta a garejin unguwa, yau sai ya yi takara da dillalin da ke biya da kuɗin Indiya. Ba laifin ɗan gwangwan ba ne, yaro ne mai neman abin kai wa baka. Laifin na masu tsara manufa ne da suke ƙidaya yuraniyom da zinariya a cikin arzikin ƙasa, su bar matattun motocin da suka cika garejoji daga Gaya zuwa Birnin Ƙonni ba su san ma'adini ne ba, alhali ba ya buƙatar haƙa.

Masu ilimin tattalin arziki za su ce wannan duk zancen ƙauye ne, ba a gina ƙasa da fartanya, abin da ake buƙata shi ne babbar masana'anta. Za su nuna tamar Say, wadda aka daɗe da sanin tana da ɗaruruwan miliyoyin tan, da ta Madekali da Lumbu-Lumbu a tsallaken Benin. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, ƙasa ba ta tsayuwa da ƙafafunta in ko allura sai ta sayo. Sai dai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Najeriya, da kuɗin manta da yawan jama'arta, ta aza harsashin Ajakuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka zuba biliyoyin dala, aka shafe fiye da shekara arba'in babban murhun bai narka tama ba. Ajakuta da dogon Doso uwa ɗaya uba ɗaya suke: an sayo jiki, ba a tanadi wutar da za ta motsa shi, da hanyar da za ta ciyar da shi, da dubban ƙananan hannuwan da za su riƙe shi ba. Ƙasashen da suka yi nisa a ƙira ba daga sama suka faro ba. Ƙananan maƙeru da masu gyaran inji ne suka yi yawa har suka zama kasuwar da babbar masana'anta za ta sayar wa.

Nijar ma ta taɓa gwada wannan hanya, mutane ne suke da mantuwa. A Doso akwai cibiyar CDARMA, a Tawa ACREMA, a Damagaram UCOMA, waɗanda suka ƙera amalanke da garmar shanu, suka kuma horar da maƙeran karkara. Da bashin noma na hukuma ya durƙushe a shekarun 1980, cinikinsu ya ja baya. Amma amalanken bai mutu ba. Masu walda na garuruwa suka ɗauki samfurin suka ci gaba, har ya zama yau shi ke kai rake da rogo da shinkafa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. A nemi wani aikin raya karkara na wancan zamani wanda ya ɗore haka. Ya ɗore ne don ilimin ya sauka a hannun mutanen gari.

Akwai kuma abin da ke tafe, wanda ya sa maganar ta wuce ta tarihi. Ana ta yabon wutar hasken rana, kuma ta cancanci yabo: a fadamun Tara da Gatawani, da lambunan Dallol Mauri, famfon da ba ya shan fetur rahama ne. Amma farantin sola alminiyom ne da gilashi da azurfa, wayarsa tagulla ce, batirin da aka fi saye cike yake da dalma. Bayan ƴan shekaru batirin zai mutu. Wa zai karɓe shi? In ba a koya wa kowa ba, yaro ne zai fasa shi a tsakar gida, ya zubar da ruwan a ƙasa, ya narka dalmar a kan murhun da ake dafa tuwo. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma, da ake daka a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, ta kashe yara aƙalla 400. Ko tukunyar alminiyom da aka yaba a sama ba ta kuɓuta ba: binciken da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa a Kamaru ya nuna dalma tana fita daga cikinsu ta shiga abinci, saboda ana haɗa kowane irin tarkacen inji a narka. Maƙeri yana da hannu da ido, amma ba ya ganin dalma. Malamin kimiyya ya san dalma, amma bai taɓa taka maƙera ba. Tsakaninsu tafiyar minti goma ce.

A nan ne zargi ya dawo kan masu karanta wannan mujalla. Ƙungiyoyin al'adu suna son maƙeri, amma a filin biki suke son sa. A kira shi ranar makon al'adu ya yi wasa da wuta, ya lashi jan ƙarfe, a tafa, a ɗauki hoto, a ba Sarkin Maƙera goro ya koma gida. An mayar da ma'abucin fasaha ɗan wasan kwaikwayo. A makaranta kuwa, yaron da ya kasa samun takardar BEPC shi ake cewa "a kai shi ya koyi walda", da muryar da ake yanke hukunci. Cibiyoyin koyon sana'a da kwalejojin fasaha suna nan, amma iyaye da malamai suna kallon su kamar zauren waɗanda aka kora. A wasu gidaje har gobe ana jan ƙafa wajen ba ɗan maƙeri aure, sannan uban yarinyar ya tafi taro ya yi jawabi a kan masana'antu.

Har harshen ma ana barin sa yana zubewa. A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, aka yi ta murna, aka kuma shiga damuwar ina za a samo kalmomin kimiyya. Ga su can a maƙera ba wanda ya je ɗauka: tama, zuga-zugi, uwar maƙera, masaba, awartaki, tagulla, dalma, kuza, tutiya, da bambancin maƙeran baƙi da na fari, da sunayen launin da ƙarfe ke yi a wuta kafin a buge shi ko a tsoma shi a ruwa. Zabarmanci da Dandanci da Kyanganci su ma suna da nasu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya, amma kwamitocin ƙirƙiro kalmomi sun fi son zama a otel su fassara ƙamus na Faransanci da su zauna a kan buzu gaban tsoho mai shekara saba'in. Duk tsohon da aka rufe, an rufe shi da kalmomin da sai an yi taro uku kafin a ƙago rabinsu, kuma ƙagaggun ba mai faɗin su.

Abin da ake nema bai kai kuɗin kilomita guda ta dogo ba. Malamin kimiyya ya kai ajinsa maƙera sau ɗaya a zango, maƙerin ya yi bayanin yadda yake gane zafin ƙarfe, malamin ya yi bayanin abin da ke faruwa a cikinsa, a kuma gaya wa mai zuba tukwane waɗanne tarkace ne bai kamata su shiga tukunyar abinci ba. Malamin Hausa ya tura ɗalibai da littafi da alƙalami su rubuto kalmomin sana'ar, na Faransanci ya sa su fassara. Ƙungiyar da ke da kuɗin hayar makaɗa ta ware kaɗan ta buga abin da suka tattaro. Magajin gari ya keɓe fili guda inda ake tara matattun batura nesa da rijiyoyi, ya kuma sa a fara yi wa maƙeran gari tayin tsohon ƙarfen ma'aikatu kafin a kira dillali. Teburan makaranta da suka karye, waɗanda ke jibge a bayan azuzuwa yara na zaune a ƙasa, ƙafafunsu ƙarfe ne, mai walda na bakin kasuwa zai tayar da su cikin mako guda in an ba shi kwangilar maimakon a jira sababbi daga Yamai.

Rufe iyaka bayan 26 ga Yulin 2023 ya riga ya yi wa garin jarrabawa. Da aka gindaya kwantenoni a kan gada, manyan motoci suka yi layi a Malanbil, mutane da kaya suka koma kwale-kwale, kayan gyara suka yi tsada ko suka ɓace. Injinan ban ruwa da na niƙa da baburan kabu-kabu da suka ci gaba da aiki a waɗannan watanni, sun yi ne don wani a bakin hanya ya buɗe cikinsu, ya ciro abin da ya mutu, ya ƙera madadinsa daga wani mataccen inji, ko da bai taɓa ganin takardar kamfanin da ya yi su ba.